Abin da wuƙar Juiz de Fora ta bari a cikin Bolsonaro: nazarin toshewar hanji bayan tiyata

Ranar 6 ga Satumba 2018 magoya baya suna ɗauke da Jair Bolsonaro a kafaɗa a tsakiyar garin Juiz de Fora, jihar Minas Gerais ta ƙasar Burazil, ana tsaka da yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, sai wani mutum ya ratso taron ya luma masa wuƙa a ciki. Suka ɗaya ce tak. Amma wuƙar ta huda ƙaramin hanji a wuri uku, ta yanki babban hanji, ta kuma tsinka wata jijiyar jini. Kafin likitocin asibitin Santa Casa na garin su shawo kan jinin, ya zubar da wajen kashi 40 cikin 100 na jinin jikinsa. Suka ɗinke hujojin, suka wanke ƙazantar da ta malalo daga hanji, sannan suka fito da bakin babban hanji ta fatar ciki, suka manna masa jakar da bayan gida zai riƙa zuba a ciki. Shekararsa 63 a lokacin. Ya rayu, kuma babu mai ja cewa wannan tiyata ce sanadi.

Ba siyasar mutumin ce ta kawo ni ba. Abin da ya sa na ɗauko lamarinsa shi ne, da wuya a samu majinyacin da aka bi diddigin cikinsa a bainar jama'a kusan shekara bakwai kamar shi, duk kwanciyar da ya yi sai likitoci sun fitar da sanarwa, wani lokaci har su zauna gaban 'yan jarida su yi bayani. Kuma abin da ya dinga mayar da shi gadon asibiti yana iya samun duk wanda aka taɓa buɗe wa ciki, ko matar da aka ciro wa jariri ta tiyata, ko yaron da taifot ya huda wa hanji, ko wanda aka cire wa afendis. Shi ne mannewar hanji da toshewar da take haifarwa.

Kwana shida kacal

Washegarin harin aka mayar da shi asibitin Albert Einstein da ke Sao Paulo. Ranar 12 ga Satumba cikinsa ya kumbura, zuciyarsa na tashi, hoto ya nuna ƙaramin hanji ya toshe. A daren aka sake shiga da shi ɗakin tiyata cikin gaggawa. Abin da aka tarar mannewa ce, kwana shida kacal bayan aikin farko.

Ga yadda take faruwa. Bangon ciki da hanji duk a lulluɓe suke da wani tantani mai santsi da damshi, shi ya sa hanji mai tsawon wajen mita shida yake zamewa yana motsi a cikin ɗan ƙaramin wuri ba tare da ya sarƙe ba. Da zarar an ji wa tantanin nan ciwo, ko da wuƙa, ko da hannun likita, ko da audugar goge jini, ko bushewa a ƙarƙashin fitilar tiyata, ko ƙazantar hanji ta taɓa shi, sai jiki ya fitar da wani sinadari mai danƙo da ake kira fibirin, irin wanda ke daskarar da jini a bakin rauni. Danƙon nan kan haɗa duk abubuwa biyu da suka jingina da juna. A ƙa'ida jiki na da abin da zai narkar da shi cikin 'yan kwanaki. To amma inda aka yi rauni da kumburi, aikin narkarwar kan yi rauni shi ma. Idan danƙon ya wuce kwana biyar zuwa bakwai bai narke ba, ƙwayoyin da ke gina tabo su shige shi, jijiyoyin jini su biyo baya, shi ke nan ya zama tabo na dindindin. Wani siriri ne kamar zare, ya miƙe daga bangon ciki zuwa hanji. Wani kuma shimfiɗe yake, ya dunƙule hanji wuri guda kamar taliyar da ta kwana a tukunya.

Cikin da aka soka da wuƙa, jini ya kwanta, kashi ya malala, aka kuma yanka shi daga sama har ƙasa, ya haɗa duk sharuɗɗan.

Kada a ɗauka sai irin wannan cikin. A 1990 likitoci biyu a Landan, Donald Menzies da Harold Ellis, suka duba mutum 210 da aka sake buɗe wa ciki bayan an taɓa yi musu aiki, suka samu mannewa a kashi 93 cikin 100. A cikin waɗanda karon farko ke nan da ake buɗe su, wajen kashi 10 ne kawai. Bayan shekara tara Ellis da abokan aikinsa suka buga wani bincike mai girma a mujallar Lancet. Sun bi bayanan mutum 29,790 da aka yi wa tiyatar ciki ko ta mara a Sikotland a 1986, har tsawon shekara goma. Kashi 34.6 cikin 100 sun sake kwanciya asibiti saboda matsalar da ko dai mannewa ce ta jawo ta kai tsaye, ko ana kyautata zaton tana da hannu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne, wajen kashi 22 ne kawai na komawar ya faru a shekarar farko. Sauran sun yi ta zuwa shekara bayan shekara har ƙarshen goman. Wato tabon ciki ba ya tsufa.

An sallami Bolsonaro a ƙarshen Satumba, ya ci zaɓe ranar 28 ga Oktoba, aka rantsar da shi ranar 1 ga Janairu 2019 da jakar nan a ƙarƙashin rigarsa. Ranar 28 ga Janairu likitansa Antonio Luiz Macedo ya jagoranci aikin cire jakar da mayar da hanji mazauninsa. Aikin ya ci awa bakwai saboda yawan mannewar da aka tarar, har sai da aka yanke wani ɓangare na babban hanji aka haɗa ƙarshen ƙaramin hanji da abin da ya rage. Ciwon huhu ya biyo baya, bai bar asibiti ba sai 13 ga Fabrairu. A Satumbar shekarar kuma naman bangon ciki da aka sha yankawa ya saki, hanji ya turo ta wurin ɗinki, aka sake yin aiki aka sa masa raga. Tiyata huɗu ke nan a ciki ɗaya cikin shekara guda.

Abin da ke faruwa a hanjin da ya toshe

Nan zan ɗan dakata, don duk shawarar da likitocinsa suka yanke daga baya a kan wannan ta ginu.

Mutum kan ɗauka abin da ya ci ya sha shi kaɗai ke bi ta hanjinsa. Ba haka ba ne. Kullum wajen lita takwas zuwa tara na ruwa ke shiga hanji, lita biyu ne kawai daga baki, sauran yawu ne da ruwan tumbi da na matsarmama da sauran ruwan narkar da abinci da jiki ke tsattsafowa. Hanji ya tsotse kusan duka ya mayar wa jini. Idan hanya ta toshe, ruwan nan ba ya daina zuwa. Sai ya taru a saman wurin toshewar, iskar da mutum ke haɗiya ta ƙaru a kai, hanji ya fara kumbura.

Da farko hanji faɗa yake yi. Yana matsawa da ƙarfi don ya tura abin da ke gabansa, shi ne murɗar da ke zuwa ta lafa, ta sake dawowa bayan 'yan mintuna, ciki na ƙugi har na kusa ya ji. In abin ya daɗe sai ya gaji ya yi shiru. Bangonsa ya jiƙe ya kumbura, ya daina tsotsar ruwa, amma bai daina zubo shi ba. Amai ya fara, da abinci, sannan kore mai ɗaci, in toshewar na can ƙasa kuma aka daɗe, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai warin bayan gida, domin ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a ruwan da ya tsaya. Majinyaci cikinsa cike da ruwa, jijiyoyinsa kuwa a bushe. Harshe ya bushe, ido ya faɗa, fitsari ya ragu, gishirin jiki musamman fotashiyam ya zube, ƙoda ta fara gazawa.

Wannan ɓangaren shi aka fara ganewa. A 1912 Hartwell da Hoguet a Amurka suka nuna cewa karnukan da aka toshe wa hanji suna daɗewa sosai a raye idan ana yi musu allurar ruwan gishiri, abin da ya nuna rashin ruwa ke saurin kashewa, ba wata guba kaɗai ba kamar yadda aka ɗauka a da. A 1931 kuma Owen Wangensteen na Jami'ar Minnesota ya fito da dabarar zura roba ta hanci zuwa ciki a riƙa zuƙe ruwa da iska ba ƙaƙƙautawa. Shi ne kuma ya nuna cewa yawancin iskar da ke kumbura hanji haɗiyarta aka yi. Ƙarin ruwa da robar hanci, har gobe su ne matakin farko a duk asibitin duniya.

Ɗaya ɓangaren shi ne mai ban tsoro. Idan igiyar tabo ta shaƙe hanji, ko hanjin ya murɗe a kanta, jijiyoyin da ke mayar da jini su ke fara matsewa don bangonsu ya fi laushi. Masu kawo jini suna ci gaba da turowa. Hanji ya cika da jini, ya tashi daga ja ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan ya yi baƙi. Fatar ciki ta hanji ita ke fara mutuwa, kuma ita ce katangar da ke tsakanin ƙwayoyin cutar hanji da jini. Tana faɗuwa suka tsallaka. Cikin awoyi bango duka ya ruɓe ya fashe. Mafi muni shi ne a ce an shaƙe wani yanki ta gaba da ta baya, ba ya iya amayarwa sama, ba ya iya turawa ƙasa, robar hanci kuma ba ta isa gare shi ba.

Saboda haka tambayar da ke gaban likita ba wai ko hanji ya toshe ba ce kawai. Tambayar ita ce, jini na kaiwa gare shi ko ba ya kaiwa? Kuma hannu da ido ba su isa su amsa ba. A 1983 Michael Sarr da abokan aikinsa a asibitin Johns Hopkins suka gwada ƙwararrun likitocin tiyata a kan majinyata 51 masu cikakkiyar toshewa. A cikin 21 da hanjinsu ya shaƙu, 10 kawai aka gane kafin a buɗe. Ƙasa da rabi. Irin wannan wuyar ganewa ce ta sa tsofaffin likitoci ke horon ɗalibansu da cewa kada rana ta fito ko ta faɗi a kan toshewar hanji, ma'ana a buɗe kafin a yi da na sani.

Sau biyu ba a buɗe ba

A Yuli 2021 shaƙuwa ta kama Bolsonaro fiye da kwana goma, har tana katse masa magana a gaban jama'a. Shaƙuwa irin wannan na iya tasowa idan tumbi ko hanji da ya kumbura ya tokare shimfiɗar naman da ke raba ƙirji da ciki. Ranar 14 ga wata ciwon ciki ya kai shi asibitin sojoji na Brasilia, aka gano toshewa, aka wuce da shi asibitin Vila Nova Star a Sao Paulo ana tunanin ko za a yi tiyatar gaggawa. Ba a yi ba. Aka hana shi ci, aka zura robar hanci, aka ɗaura ruwa, aka zuba ido. Hanji ya buɗe da kansa, ranar 18 ya fita.

Ba a yi wata shida ba abin ya dawo. Yana hutun ƙarshen shekara a gaɓar teku a jihar Santa Catarina, ciwo ya taso bayan cin abincin rana, da asubahin 3 ga Janairu 2022 aka kai shi asibitin dai na Sao Paulo. Macedo na tsibiran Bahamas a lokacin, ya katse tafiya ya dawo. Wannan karon ma roba da ruwa aka yi, ranar 5 aka sallame shi. Likitan ya ce jatan lande ne da ba a tauna sosai ba ya maƙale, shi ma majinyacin da bakinsa ya yarda cewa haɗiye abincin ya yi, bai tauna ba. Jama'a sun yi ta raha da maganar, amma akwai ilimi a cikinta. Hanjin da tabo ya lanƙwasa ko ya ƙuntata kamar lungu ne mai matsi, ruwa da abu mai laushi na wucewa, loma mai tauri ɗaya ta isa ta tsayar da komai.

Me ya sa likitan da ya san maganar rana da faɗuwarta ya jira? Saboda abubuwa sun canja tun bayan zuwan hoton siti sikan, wanda ke nuna inda hanya ta tsaya, ya nuna ko yankin a shaƙe yake gaba da baya, ko bangon hanji na samun jini, ko ruwa ya taru a ciki. Ƙa'idojin Bologna, waɗanda ƙungiyar likitocin tiyatar gaggawa ta duniya ta sabunta a 2017, sun ce idan babu alamar shaƙewa ko ruɓewa ko kumburin tantanin ciki, a gwada magani ba tiyata har zuwa awa 72, kuma hakan na warware kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na toshewar da mannewa ta jawo. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da ya ƙara wa masu jira ƙarfin gwiwa. Ana zuba wajen mililita 100 na wani ruwa mai suna Gastrografin ta robar hanci, ruwan da ke fitowa fari a hoton eksire. Idan cikin awa 24 aka gan shi ya isa babban hanji, kusan tabbas ne toshewar za ta warware ba wuƙa. Idan bai isa ba, an samu dalilin daina jira. Ruwan na da kauri sosai, yana janyo ruwa daga bangon hanji da ya kumbura, shi ya sa wasu ke ganin yana taimakawa wajen buɗe hanyar ma, ko da yake masu bincike ba su gama daidaitawa a kan ko yana rage yawan tiyata ba.

Dalili na biyu shi ne cikin da za a buɗe. Wani bincike daga Nijmegen ta ƙasar Holan da aka buga a 2000 ya duba mutum 270 da aka sake buɗe wa ciki, ya samu cewa a 52 daga cikinsu, wato kashi 19 cikin 100, an huda hanji bisa kuskure garin raba mannewa. Haɗarin kuma na ƙaruwa da yawan aikin da aka taɓa yi. Hujin da aka gani a ɗinke. Wanda ba a gani ba sai bayan kwana biyu ko uku ya bayyana da zazzaɓi da ƙazanta a ciki. Ga shi kuma duk inda almakashi ya bi, sabon danƙo zai fito. Gaba kura, baya sayaki. A ganina jiran da aka yi a 2021 da 2022 daidai ne.

Sai dai dole in faɗi wani abu a kan kalmar jira, don na ga yadda take cutarwa idan aka fahimce ta a baibai. Wata gwaggona da aka taɓa ciro wa ɗa ta tiyata, shekara goma sha ɗaya bayan aikin, ta tashi da murɗar ciki. A gida aka ce kumburi ne, aka jiƙa kanwa, washegari aka karɓo maganin wankin ciki a kemis. Sai a kwana na uku, da aman ya koma kore, muka kai ta asibiti. Likitan, wani matashi, ya ɗaga gefen zanenta ya ga tabon a ƙasan cibiya, ya ce, "Mama, yaushe aka yi miki wannan aikin?" Ta faɗa masa. Ya ce, "To yaushe rabonki da fitar da iska?" Ta sunkuyar da kai don kunya, ganin ina tsaye, sai da na fita sannan ta ce tun shekaranjiya. Da na dawo an zura robar, na tsaya ina kallon ruwa mai duhu yana gangarawa cikin leda a gefen gado, ledar ta cika aka canja wata. A daren aka buɗe ta. Igiyar tabo guda ɗaya ce, ba ta kai kaurin igiyar takalmi ba, amma hanjin da ta shaƙe ya riga ya yi baƙi, sai da aka yanke wajen kamu guda. Allah Ya yi da sauran kwana.

Kwana ukun gwaggo da kwana ukun Bologna lissafinsu ɗaya, amma babu abin da ya haɗa su. Na Bologna ana yin su ne da roba a hanci, ruwa a jijiya, ana auna fitsari, ana duba bugun zuciya da jini, likita na taɓa cikin safe da yamma, ɗakin tiyata kuma a shirye. Na gida kuwa ana ɗura wa hanjin da ya toshe ƙarin abin da zai tura. Mai tabo a ciki da ya haɗa murɗa da amai da kumburi da ɗaukewar bayan gida da iska, asibitin da ake tiyata ne wurinsa a ranar, kuma ya fara ambata wa likita tsohon aikin, komai daɗewarsa. A ƙasashenmu gwaiwar da ta maƙale ita ta daɗe tana kan gaba wajen toshe hanji, amma rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya na baya-bayan nan na nuna mannewa na hawowa, kuma ba abin mamaki ba ne tunda masu tabon tiyata sai ƙaruwa suke yi.

Bashin da jira ke tarawa

Jira na da nasa farashin, kuma a nan ne binciken shekarun nan ya ɗan girgiza tsohon tunani. A 2019 Ramy Behman da abokan aikinsa suka buga nazarin majinyata 27,904 na lardin Ontario a Kanada da suka kwanta karon farko da toshewar mannewa. Waɗanda aka yi wa tiyata, kashi 13 cikin 100 ne abin ya dawo musu. Waɗanda ba a yi wa ba, kashi 21.3. Kuma duk dawowar da aka lallaɓa ba tiyata, yiwuwar ta gaba na ƙaruwa. Wani tsohon bincike daga Norwe da aka buga a 2004, wanda ya bi mutum 500, ya nuna ko bayan tiyata kashi 18 na sake toshewa cikin shekara goma, kashi 29 cikin shekara talatin, kuma wanda ya riga ya kwanta sau huɗu ko fiye, mafi yawansu sai sun sake dawowa.

Shin wannan na nufin da an buɗe Bolsonaro a 2021 da ya huta? Ban yarda ba. Alƙaluman Ontario sun fi dacewa da irin gwaggona, mai igiya ɗaya da za a datse cikin minti kaɗan. Ga irinsu har an gwada tiyatar ƙananan huji da kyamara. Gwajin LASSO da aka yi a Finlan da Italiya a kan mutum 104, aka buga a 2019, ya nuna tana rage zaman asibiti da kwana 1.3, amma an zaɓo ne waɗanda hoto ya nuna alamar igiya ɗaya gare su. Cikin da aka buɗe sau huɗu, ga raga, ga hanji a dunƙule, wani abu ne daban. Babu igiya ɗaya da za a nuna a ce ita ce mai laifi.

Inda bincike ya fi ba da fata shi ne a tiyatar farko, kafin tabo ya samu. Da aka maimaita binciken Sikotland a kan mutum 72,270 da aka yi wa aiki tsakanin 2009 da 2011, aka bi su shekara biyar, sai aka ga masu tiyatar kyamara kashi 1.7 ne suka dawo da matsalar mannewa kai tsaye, masu buɗaɗɗiyar tiyata kuwa kashi 4.3. Akwai kuma wasu siraran shimfiɗu masu narkewa, kamar Seprafilm, da ake sawa tsakanin hanji da bangon ciki su raba su na kwanakin farko. Suna rage mannewa, ba sa kawar da ita, ga tsada. Duk wannan bai shafi wanda aka kawo jina-jina da wuƙa a ciki ba. Shi buɗewa za a yi, a yi sauri.

Afrilu 2025

Ranar 11 ga Afrilu 2025 yana rangadin siyasa a jihar Rio Grande do Norte, arewa maso gabashin ƙasar, ciwo mai tsanani ya kama shi. Aka fara kai shi asibiti a garin Santa Cruz, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa Natal, daga nan aka wuce da shi asibitin DF Star a Brasilia. An fara da matakan da aka saba, amma wannan karon hanjin bai saki ba. Ranar 13 ga wata likita Claudio Birolini da tawagarsa suka shiga. Shekararsa 70.

Awa goma sha biyu suka yi. Wajen awa biyu na farko a ƙoƙarin shiga cikin kawai suka tafi, don hanji ya manne da bangon ciki, wuƙa na iya faɗawa kansa daga yankan farko. Sannan aka bi ƙaramin hanji ana ɓanɓare shi kaɗan-kaɗan, har aka kai ga wata lanƙwasa da ta hana abinci wucewa aka warware ta. Daga ƙarshe aka sake gina bangon cikin. Birolini ya kira shi da sunan da likitocin tiyata ke ba irin wannan ciki, wato ciki mai gaba da likita, wanda ba ya barin a shige shi cikin sauƙi.

Hanjin da aka jagwalgwala awa goma sha biyu ba ya farkawa nan da nan. Yakan kwanta ya daina motsi na kwanaki, kuma wannan ma wata irin toshewa ce, ba don an tare hanya ba sai don mai turawar ya sume. A tsawon wannan lokaci ta jijiya aka riƙa ciyar da shi, robar hanci na zuƙe abin da ya taru, yana sashen kulawa ta musamman fiye da mako biyu. Daga baya aka fara ba shi ruwa, sannan abinci mai ruwa-ruwa, sannan mai laushi. Ranar 4 ga Mayu ya fito, mako uku cif bayan aikin.

Tun washegarin tiyatar, da 'yan jarida ke neman jin ko an rabu da matsalar ke nan, Birolini bai ɓoye musu ba. Ya ce a ciki irin wannan, komai ƙoƙarin da aka yi wajen raba hanjin, sabuwar mannewa sai ta fito, babu makawa.